Icce Ɗaya, Tutoci Uku: Tarihin Shen a Ingila, Faransa da Jamus

Duk wanda ya zauna kan bencin lakwal a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, da wuya a ce bai taɓa gamuwa da iccen nan da Faransawa ke kira chêne ba. Galibi a cikin tatsuniyar La Fontaine, wadda aka buga a 1668, ake fara jin sunansa, inda ƙasaitaccen icce ya raina ɗan karan fadama, sannan guguwa ta taso ta tumɓuke mai girman kan ta ƙyale mai sunkuyawa. Yaro ya haddace, ya tashi ya rera gaban malam, ya samu makinsa, amma da za a tambaye shi kamannin iccen sai ya yi tsit. Shi kansa malamin sau da yawa a hoto ya san shi. Saboda haka akan ce wa yara su ɗauka wani irin gawo ne ko tsamiya, a wuce wurin.

Hausa ba ta raɗa masa suna ba, domin ba ya tsirowa a ƙasar Hausa. Larabawa na ce masa ballut, Turawan Ingila oak, Jamusawa Eiche. A nan za a kira shi shen, yadda kunnen ɗan makaranta ya saba ji. Dangi ne babba mai iri wajen 500, kusan dukansu a arewacin duniya, a Afirka kuwa sai can duwatsun Maroko, Aljeriya da Tunisiya. Wanda ake zance a kansa shi ne na Turai: mai kaurin gindi, mai murɗaɗɗun rassa, ganyensa da baki lanƙwasa-lanƙwasa, ƴaƴansa kamar ƙananan dabino sanye da hula. Ba ya gaggawa. Yakan kai shekara 40 kafin ya fara ƴaƴa sosai, ya haura 100 kafin masassaƙi ya dube shi, kuma yana iya rayuwa ƙarni biyar, shida, har fiye. Katakonsa nauyi gare shi, ga jure ruwa.

Abin da zai tsai da mai nazarin tarihi shi ne wannan: Ingila, Faransa da Jamus sun shafe ƙarnoni suna zubar da jinin juna, amma kowace a cikinsu ta rantse cewa shen iccenta ne, shi ne hoton halinta. Babu ɗaya cikin ukun da ta taɓa kafa doka a kan haka. Waɗanda suka bi ta majalisa ƴan baya-baya ne, kamar Amurka a 2004 da Portugal a 2011. A wurin tsoffin ƙasashen uku, wasu mutane ne ƙalilan, a lokacin tsoro ko bayan shan kashi, suka ɗauki iccen suka mai da shi tambari, kuma duk wanda ya karɓi mulki bayansu ya gaje shi ya ɗora masa nasa kaya.

Darajar shen ta girmi ƙasashen duka. Girkawan dauri suna da wani a Dodona da suke cewa na gunkinsu Zeus ne, bokaye na sauraren kaɗawar ganyensa suna fassara wa masu neman sa'a. A Rum, sojan da ya ceci ran ɗan ƙasa a fagen fama akan naɗa masa kambin ganyen shen. A shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa majalisar dattawa ta ba Ogustus irin wannan kambi, aka rataye shi a ƙofar gidansa, wai ya ceci ƴan ƙasa baki ɗaya daga yaƙin basasa, yaƙin da shi kansa yana cikin masu hura wutarsa. Tun daga nan abin da aka tanada domin ƙaramin soja ya koma adon sarki. Can arewa kuma, wajen shekara ta 723, wani mai wa'azin Kirista ɗan Ingila, Boniface, ya sa gatari ya kā da shen ɗin da mutanen Geismar, a tsakiyar Jamus ta yau, ke bauta wa da sunan gunkin tsawa. Jama'a suka tsaya jiran aradu ta faɗo masa, ba ta faɗo ba. Da katakon aka gina ɗakin ibada.

Sarki a kan reshe

Ranar 3 ga Satumba 1651 sojojin Cromwell suka murƙushe na Charles na Biyu a Worcester. Saurayi ne ɗan shekara 21, an sare kan mahaifinsa a 1649, an kuma sa fam 1,000 ga duk wanda ya kamo shi. Kwana uku bayan yaƙin ya wuni a saman wani shen a dajin Boscobel tare da wani hafsa mai suna William Careless, suna hangen masu nemansu na kai da kawowa a ƙasa. Bayan mako shida ya tsallaka Faransa. Da ya dawo ya shiga Landan a matsayin sarki ranar 29 ga Mayu 1660, majalisa ta mai da ranar ta hutu, mutane na maƙala ganyen shen a riga don a san suna tare da sarauta, kuma sai a 1859 aka soke hutun. Iccen da ya ɓoye sarkin bai ji daɗin wannan ɗaukaka ba. Masu neman tabarraki suka yi ta yankar rassansa da ɓawonsa har ya bushe. Wanda ake nuna wa baƙi a wurin daga tsatsonsa ne. Har yau ɗaruruwan mashaya a Ingila na ɗauke da sunan Royal Oak, wato shen na sarki.

Labarin sarki ya ba iccen suna, amma teku ce ta ba shi nauyi. Ingila tsibiri ce, ganuwarta jiragen yaƙi ne, jiragen kuwa da shen ake sassaƙa su. Jirgin Victory, wanda aka sa a ruwa a 1765 kuma Nelson ya mutu a cikinsa a yaƙin Trafalgar na 1805, ya ci itatuwa wajen 6,000, kashi 90 cikin 100 shen. Ga shi kuma ba kowane icce ke yi ba: haƙarƙarin jirgi na buƙatar reshen da ya lanƙwashe da kansa tun yana tsiro. Tun 1664 John Evelyn ya wallafa littafinsa Sylva, amsa ga koken shugabannin sojan ruwa, yana roƙon masu filaye su dasa. A 1759 ɗan wasan kwaikwayo David Garrick ya tsara waƙar da sunanta ke nufin zuciyar shen, wadda ta zama taken tafiyar rundunar ruwan Ingila. To, a daidai lokacin da ake rera ta da ƙarfi, ma'ajin katako na kukan rashi, ana sayo alluna ta tashar Danzig a bakin tekun Baltik. Wani sashe na katakon da ya tsare Ingila daga Faransa a dazuzzukan Poland da Prusiya aka saro shi, abin da waƙa ba ta faɗa ba.

Ana ba da labarin Collingwood, mataimakin Nelson a Trafalgar, cewa in ya samu hutu yakan cika aljihu da ƴaƴan shen, duk inda ya ga wuri mai kyau ya binne ɗaya. Gwamnati ma ta sa aka dasa dubbai a dajin Dean daga 1808. Kafin su isa sara, a 1860 an sa Warrior a ruwa, jirgin yaƙi mai jikin ƙarfe, zancen ya ƙare. Na Suwidin ya fi wannan ban dariya: a shekarun 1830 suka dasa shen kusan 300,000 a tsibirin Visingsö domin jiragen gobe, a 1975 masu kula da gandun suka aika wa shugaban sojan ruwa cewa kayansa sun nuna. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Faransa: na sarki, na jamhuriya, na mareshal

Hoton da Faransa ta fi riƙewa na shari'a ne. Joinville, wanda ya zauna da Sarki Luwi na Tara kuma ya kammala rubuta tarihinsa a 1309, ya ba da labarin yadda sarkin kan fita dajin Vincennes da bazara, ya jingina da gindin shen, duk mai ƙara ya matso ba tare da dogari ya tare shi ba. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tun da ya san fadanci da sulhu a gindin ceɗiya ko durumi. Wannan sarkin ne dai ya ɗauki yaƙi ya kai wa Musulmin Masar, aka kama shi a 1250 sai da aka fanshe shi, ya sake fita ya mutu a bakin Tunis a 1270. Amma littattafan makaranta na Jamhuriya ta Uku, irin na Ernest Lavisse, zamansa a gindin icce suka fi zanawa. Jamhuriyar da ta kori sarauta ta riƙe sarkin saboda iccen, kuma ta cikin irin waɗannan littattafai hoton ya ƙetaro har azuzuwan Afirka ta Yamma.

Ita ma Faransa ta san ƙishin katakon jirgi. A 1669 Colbert, wazirin Luwi na Sha Huɗu, ya fitar da babbar dokar ruwa da dazuzzuka, shekara guda bayan haka aka sake tsarin dajin Tronçais a tsakiyar ƙasar domin a samu shen mai miƙaƙƙen jiki bayan ƙarni biyu. Mutanen Damagaram, da suka gaji labarin tsananin Sarki Tanimun a kan mai sare gawo, sun san cewa mai mulki ba ya tsare icce sai ya ga abin da ƙasarsa za ta ci a jikinsa. Yau shen ɗin Tronçais gangunan ajiye giya ake yi da shi.

Da juyin juya hali ya zo a 1789, sai aka shiga dashen itatuwan ƴanci a dandalin kowane gari. Ana danganta na farko ga wani limamin coci na ƙauyen Saint-Gaudent, Norbert Pressac, wanda ya dasa shen a 1790. Grégoire, shi ma limamin coci ne kuma ɗan majalisa, wanda aka fi sani da yaƙi da cinikin bayi, ya ƙiyasta cewa zuwa 1792 an dasa wajen 60,000, ya kuma rubuta ɗan littafi a 1794 yana ba da shawarar a zaɓi shen, saboda tsawon ransa. Garuruwa da yawa ba su bi shawarar ba, suka dasa peuplier, mai saurin girma, wanda sunansa ya yi kama da kalmar peuple, wato jama'a. Masu gaggawa da masu haƙuri duk makomarsu ɗaya: da sarauta ta dawo bayan faɗuwar Napoleyon aka bi itatuwan da gatari, a 1848 aka sake dasawa, a 1850 ƴan sandan Paris suka sake sarewa. Ganyen dai ya tsira. Yana jikin lambar Légion d'honneur da Napoleyon ya kafa a 1802, wadda wasu tsoffin sojojin Afirka suka rataya a ƙirji, yana kan hulunan janarori, yana bangon fasfo ɗin Faransa tare da reshen zaitun.

Icce guda a Tronçais ya isa ya ba da sauran labarin. A Nuwamba 1940, wata biyar bayan Jamus ta ci Faransa, Mareshal Pétain ya zo dajin aka raɗa wa wani dogon shen sunansa. A 1944 wasu masu saran icce suka cire allon suka sa sunan Gabriel Péri, ɗan jarida kuma ɗan majalisa da Jamusawa suka harbe a 1941. Daga baya hukuma ta sasanta, ta kira shi shen na gwagwarmaya. Suna uku, iccen bai gusa daga inda yake ba. A zamanin nan ma ba a daina ba: a Afrilu 2018 Emmanuel Macron ya kai wa Donald Trump wani ɗan dashe daga dajin Belleau, inda sojojin Amurka suka yi yaƙi a 1918, suka dasa shi gaban masu ɗaukar hoto a fadar White House. Bayan ƴan kwanaki aka tone shi aka kai killacewa kamar yadda dokar shigo da tsirrai ta tanada, can ya mutu.

Jamus: iccen da mawaƙa suka zaɓa

A Jamus ne labarin ya fi zurfi, ya kuma fi ɗaci. Abu na farko da za a sani shi ne, iccen talakan Jamus ba shen ba ne. Wanda ke tsakiyar ƙauye, inda ake shari'a, ake rawa, ake ɗaura alkawari, wani ne mai laushin katako da ƙamshin fure da suke kira Linde. Babban titin Barlin ma sunansa yake ɗauke da shi. A dazuzzukan ƙasar kuwa shen bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma ba. To, ta ina ya shigo?

Ta alƙalami ya shigo. A tsakiyar ƙarni na 18 babu wata ƙasa mai suna Jamus, sai masarautu da birane kusan 300, kowane da sarkinsa da kuɗinsa, manyan mutane kuwa Faransanci suke yi a fada, suna ganin harshen iyayensu na ƴan ƙauye ne. Malaman da suka ɗanɗani irin wannan raini a harshensu ba sa buƙatar dogon bayani. Matasan marubuta suka tashi neman kakannin da za su yi tinƙaho da su, ba su same su ba sai a littattafan abokan gaba: Tacitus, Barume, ya rubuta a shekara ta 98 cewa ƙabilun arewa a kurmi suke ibada, Pliny ya siffanta manya-manyan shen na dazuzzukansu, ga kuma labarin Arminius, wanda ya hallaka rundunonin Rum uku a dajin Teutoburg a shekara ta 9. A 1769 mawaƙi Klopstock ya haɗa waɗannan ya yi wasan kwaikwayo a kan yaƙin, ya cika shi da inuwar shen da kambin ganyensa. Ya cusa har da bokayen da ake kira druides, alhali su na Gaulawa ne, mutanen da Faransawa ke kira kakanninsu. Kuskuren bai dami kowa ba. Ranar 12 ga Satumba 1772 wasu ɗaliban jami'ar Göttingen suka fita da farin wata zuwa wani kurmin shen, suka naɗa ganye a huluna, suka riƙe hannun juna suka yi rantsuwar abota da kishin harshe.

Da abin ya tsaya nan, da wasan samari ne. Napoleyon ne ya mai da shi na gaske, lokacin da ya ragargaza Prusiya a Jena a 1806 ya shiga Barlin. Al'ummar da aka wulaƙanta ta ga kanta a jikin iccen da hunturu ke tuɓe wa ganye amma ba ya mutuwa. A waɗannan shekaru ne mai zane Caspar David Friedrich ya yi hotonsa na rusasshen ɗakin ibada a tsakiyar tsiraran shen. Ranar 10 ga Maris 1813 Sarki Friedrich Wilhelm na Uku ya kafa lambar Gicciyen Ƙarfe domin yaƙin korar Faransawa, lambar da janar da ƙaramin soja ke iya samu daidai wa daida, a bayanta ganyen shen uku. Bayan Jamus ta ci Faransa ta haɗe a 1871, ƙauyuka suka yi ta dasa abin da suka kira shen na zaman lafiya, sannan na sarki, sannan na Bismarck. Iccen masu shan kashi ya zama na masu nasara, kuma halin da aka jingina masa ya sauya daga haƙuri zuwa taurin kai.

Ƴan Nazi sun tarar da gona a share. A 1933 garuruwa suka shiga gasar dasa shen da sunan Hitila. Mikiyar tambarin gwamnati ta riƙe kambin ganyen shen, a tsakiyarsa alamar jam'iyya. A 1940 aka ƙara wa babbar lambar yaƙi wani mataki mai ganyen shen na azurfa. Cikin waɗanda suka fara samunsa akwai Günther Prien, kwamandan jirgin ƙarƙashin ruwa da ya kutsa tashar Scapa Flow a Oktoba 1939 ya nutsar da wani babban jirgin Ingila da mutum fiye da 800. Sunan jirgin Royal Oak.

Amma tambari, in ya bar hannun mai shi, ba ya tambayar wa zai yi wa aiki. A wasannin Olimpik na Barlin a 1936, duk wanda ya ci zinariya an miƙa masa ɗan dashen shen a kasko, guda 130, domin ya kai ƙasarsa ya dasa tunawa da Jamus. Huɗu daga ciki Jesse Owens ya kwashe, baƙar fatar Amurka, a gaban gwamnatin da ke koyar da cewa irinsa ba cikakkun mutane ba ne. Ɗaya ya rayu fiye da shekara 80 a harabar wata makaranta a Cleveland. Wanda ya ci gudun dogon zango ranar 9 ga Agusta kuwa ɗan Koriya ne, Sohn Kee-chung, amma Japan na mulkin ƙasarsa tun 1910, don haka da sunan Japananci ya yi gudu, da tutar Japan a ƙirjin rigarsa. Da aka hau dandamali aka buga taken Japan, sai ya sunkuyar da kai ya ɗaga kaskon ya rufe tutar da ganye. An ruwaito cewa ɗan ƙasarsu Nam Sung-yong, wanda ya zo na uku, ya ce ba zinariyar ya yi wa abokinsa ƙyashi ba, abin rufe ƙirjin ne. Jaridar Dong-a Ilbo ta goge tutar daga hoton, mahukunta suka rufe ta wata tara. Dashen ya zama babban icce a Seoul, a filin tsohuwar makarantarsa, kuma a 1988 dattijo Sohn, yana da shekara 76, shi ya shigo da wutar Olimpik filin wasan birnin da tutar Koriya a ƙasarsa.

Shekara guda bayan wasannin, a Yuli 1937, aka kawo fursunoni tudun Ettersberg kusa da Weimar aka sa su share daji domin gina sansanin gwale-gwale. Weimar garin Goethe ne, babban marubucin Jamus, wanda ya mutu a 1832, kuma an san yana yawo a wannan tudu. Ƙungiyar raya al'adu ta ƴan Nazi a garin ta ƙi yarda a kira sansanin da sunan tudun, don kada a ɓata sunan marubucin. Ba ta ce kada a gina ba. Aka raɗa masa Buchenwald. Aka sare dajin duka aka bar tsohon shen guda a tsakiya, kusa da ɗakin wanki, wanda ake cewa Goethe ya sha zama a gindinsa. Masu gadi na ganinsa shaidar cewa su ne magadan Jamus ta asali. Fursunoni, da yawansu Jamusawa ne masu ilimi da suka haddace waƙoƙin Goethe, na ganinsa shaidar wata Jamus da aka kulle tare da su. Icce ɗaya, cikin waya ɗaya. Wata magana ta yaɗu a tsakaninsu cewa ranar da ya faɗi mulkin ma zai faɗi. Ranar 24 ga Agusta 1944 jiragen Amurka suka yi ruwan bama-bamai a kan masana'antar makamai da ke jikin sansanin, wuta ta kama iccen, aka sare abin da ya rage. Wani fursuna, Bruno Apitz, ya saci guntun katakon ya sassaƙa fuskar mutum mai mutuwa, aka ɓoye ta har ta fita. Tana nan a gidan tarihi. Wata takwas bayan gobarar, ranar 11 ga Afrilu 1945, aka buɗe sansanin. Mutum wajen 56,000 sun mutu a cikinsa da rassansa. Kututturen na wurin har yanzu, baƙi kan ɗora masa ƙananan duwatsu.

Bayan irin wannan, mutum zai zaci Jamusawa za su yar da ganyen kamar yadda suka yar da tuta da gaisuwa. Itatuwan Hitila dai an sare wasu, wasu an yi shiru da sunansu sun ci gaba da girma. Ganyen kuwa aka riƙe, a Yamma da Gabas duka, domin ƙananan kuɗin Jamus ta ƴan gurguzu ma na ɗauke da shi. A 1957, da Jamus ta Yamma ta yarda tsoffin sojoji su sake rataya Gicciyen Ƙarfe, sai aka kankare alamar Nazi aka cike gurbin da ganyen shen. Ana iya ganin wannan a matsayin wayo, a wanke abu da ruwan da ya ɓata shi, kuma zargin na da ƙamshin gaskiya.

Akwai dai wani abu da aka yi wanda ya fi wannan tsabta. A 1949, birane na kwance cikin ɓaraguzai, dazuzzuka sun sha sara saboda yaƙi, da sanyin hunturu, da diyyar da ƙasashen da suka ci yaƙin ke kwasa da katako. Masu sake dasa su galibi mata ne, da yawa mazansu sun mutu ko suna tsare, suna aiki a durƙushe kan lada kaɗan. A shekarar aka buga ƙwandalar pfennig 50. Ba a sa mikiya ba, ba a sa kambi ba, ba a sa tsohon icce mai murɗaɗɗun rassa ba. Mace ce da ɗankwali, ta durƙusa, tana sa ɗan tsiron shen a rami da hannu biyu. Mai zanen, Richard Werner, matarsa Gerda ya zana, ya kuma mutu a wannan shekarar. Sai a ƙarshen shekarun 1980 jama'a suka san ko wace ce, bayan hotonta ya yi shekara kusan 40 yana yawo a aljihunsu. Ƙwandalar ta yi aiki har ƙarshen 2001.

Da kuɗin euro ya shigo a 2002, kowace ƙasa aka bar mata bayan ƙwandala ta sa abin da take so. Jamus ta ba mikiya manyan, ta ba ƙofar Brandenburg na tsakiya. Shen ya samu ƙanana uku na jan ƙarfe, santim 1, 2 da 5, waɗanda mafi ƙanƙantarsu ya ɗan ɗara dala ɗaya a kuɗin sefa: reshe ne guda, da ganyensa, da ƴaƴa biyu.